Jan Kati A Kan Makullin Lafiyayyen Jirgi

A kulob ɗinmu na tuƙin ƙananan jirage, can bayan garin Lyon, akwai wani akwatin katako a jikin bango, tsakanin allon makullai da injin kafe. Ni na kafa shi da hannuna, har na bugi babban yatsana da guduma. Dokarsa guda ce: duk matuƙin da ya yi kuskure, ko ya ga wani ya yi, ya rubuta a takarda ya jefa ciki, ba sai ya sa suna ba. Asabar ta farko a kowane wata a taru, shugaban kulob ya buɗe ya karanta wa kowa da ƙarfi, don kada wani ya maimaita. Shekara huɗu ni ne shugaban, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin karatun nan fiye da kima. Ina da zafin rai, ga baki. Wani likitan haƙori ya taɓa kunna inji ya yi ta ba shi wuta jirgi ya ƙi motsi, ashe bai cire katakon da ke tokare tayoyi ba. Na karanta takardarsa a hankali, ina tsayawa ina kallon mutane, har kunnuwan bawan Allahn nan suka yi jajir. Babu suna a takardar, amma kowa ya gane.

Dabarar akwatin ba tawa ba ce. A wajen Kawu na koyo ta.

Ba kawuna ne na jini ba. Abokin mahaifina ne, mutumin Tawa, sun yi makaranta tare. Da zan taso daga Damagaram zuwa Paris karatun injiniya, a farkon shekarun dubu biyu, mahaifina ya rubuta mini lambar wayarsa a bayan wata ambulan. Na sauka a Aubervilliers, mu uku a ɗaki guda, tagarmu na kallon rumbunan ƴan kasuwa inda ake wuni ana sauke kwalayen takalma. Ran Lahadi sai in hau jirgin ƙasa in tafi Sevran gidan Kawu. Matarsa, Hajiya, ita ta raya ni a shekarun nan, ba na jin nauyin faɗin haka. Ta tuƙa tuwon semul da miyar busasshiyar kuɓewa, in ci in ƙoshi, sannan ta cika mini robobin gilas, wato na askirim, guda uku in tafi da su, ta ce in dawo mata da robobinta a wanke.

Kawu makanikin jiragen sama ne a babban filin jirgi. Gajere ne, ba shi da yawan magana, ko cokali zai ajiye sai ya goge shi ya daidaita shi. A kan aikinsa kuma ya yi parmi, wato lasisin tuƙa ƙaramin jirgi, yana cikin wani kulob a wajen gari. Hajiya ba ta taɓa yarda ta shiga ba. Takan ce, “Ni da raina da lahiyata in shiga gwangwanin sardin? Ku tai, Allah shi maido ku.”

Ranar da ya fara kai ni filin, mun shiga mun zauna, na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini zama kusa da babba. Ya ce, “Kalle ni.” Na ɗaga ido da ƙyar.

“Ƙasa ni kawunka ne,” in ji shi. “Ka durƙusa ka gaishe ni, ina so. Amma in munka shiga nan, ba ka da kawu. In ka ga abu, ka hwaɗi. In ni na yi ba daidai ba, ka hwaɗi da ƙarhi. Ka jiya?”

Na ce na ji. Ya kunna inji, muka gangara har bakin titin tashi. Ina kallo murfin gilashin da ke kanmu bai kulle ba, mariƙinsa a sake, har iska na shigowa. Na gani sarai. Amma na ce a raina ai mutumin da ya shekara ashirin yana gyaran jirage ya fi ni sani, wane ni. Ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya juya jirgin ya mayar da shi rumfa, ya kashe inji. Da gangan ya bar murfin. Muka koma Sevran, Hajiya na ta tambaya me ya faru. Lahadi mai zuwa ya sake barin wani abu, na faɗa da ƙarfi har muryata ta ba ni tsoro. Ya yi murmushi ya ce, “Voilà.” Ran nan na fara ganin gonakin Faransa daga sama.

Na gama karatu, na yi parmi, na sami aiki a Lyon, na yi aure. Na shiga kulob ɗin can. Masu tsammanin kulob na jirage wurin masu kuɗi ne da ke shan iska ba su taɓa share rumfar jirgi da sanyin safiya ba. Ba wanda ake biya sai makanikin da ke zuwa ran Talata. Mu muke yanke ciyawa, mu wanke jirage uku da muke da su, mu lallashi maƙwabta masu ƙorafin ƙara ran Lahadi, mu raba faɗan mutum biyu da suka riƙe jirgi guda a awa guda. Da na shiga ni kaɗai ne baƙar fata. Ba wanda ya zage ni, amma akwai wani irin kallo da ake yi mini in na ɗauki makulli. Sai na haddace dokoki fiye da kowa, na zama mutumin da ba a iya kamawa da laifi. Da tsohon shugaban ya gaji, ba mai son wahalar, aka ɗora mini. Na kafa akwatina, na yi ta wa mutane wankin babban bargo da sunan kiyaye rai.

Mutum guda ce ba na iya hura wa hanci, shugabar malaman tuƙi. Tsohuwa ce siririya mai furfura, ta fi kowa awowin tashi, kuma ita ke da ikon cewa wane ya dakata da tuƙi sai an sake gwada shi. Ba ta da sakin fuska, ba ta da mugunta. In ka sauka da jirgi da ƙarfi za ta gaya maka a gaban matarka.

Ana nan Kawu ya ajiye aiki. Ƴarsu na aikin asibiti a Lyon, sai suka dawo kusa da ita, suka kama gida a Guillotière, saman wani shagon kayan miya. Ya shiga kulob ɗina. Ranar da na gabatar da shi ga mutane kaina ya yi girma ƙwarai. Cikin wata biyu kowa ya san shi, don in inji na aiki yakan karkata kai ya saurara, ya ce wa makaniki duba wuri kaza, a duba a tarar haka ne. Na ji kamar mahaifina ne ya zo ya ga abin da na zama.

Abin ya faru wata ranar bazara, muna dawowa daga arewa muna bin kogi. Shi ke tuƙi, ina dama da shi. Jirgin na da tankin mai a kowane fiffike, da wani maƙunni tsakanin kujeru da ake juyawa, a sha daga hagu, a sha daga dama. Kawu ne ya koya mini juya shi kowane rabin awa, har yana buga agogonsa da yatsa. Ran nan rabin awa ta wuce bai juya ba. Awa ta wuce. Allurar man tankin hagu na sauka, yana ba ni labarin wani injin da ya gyara tun ina goye, labarin da ya riga ya ba ni da safe. Na buɗe baki in ce, “Kawu, tanki,” bakin ya yi mini nauyi. Na dubi furfurar da ke bayan kunnensa, na tuna robobin Hajiya. Da ya juya kai yana duban wata gada a hagu, na miƙa hannu a hankali na juya maƙunnin zuwa dama. Muka sauka lafiya. Ya goge tabaraunsa, ya ce saukar ta yi daɗi, na ce ƙwarai.

Na wuce ta gaban akwatina ban jefa komai ba.

Daga ranar na daina barci mai kyau. Na fara lura da abin da a da ba na gani: ya karanta jerin binciken kafin tashi ya tsallake layi, ya kira hasumiyar filin jirgi a rediyo ya manta ya maimaita abin da aka ce masa. Likita ya duba shi ya ba shi takarda, idonsa garau, zuciyarsa lafiya. Mantuwa ce ke shigowa kaɗan kaɗan, irin wadda sai na kusa da kai ke gani. Da wani Bafaranshe ne, da tuni na kai maganarsa wajen shugabar malamai, na kuma ji na yi aikin kirki. Amma in je in tona asirin abokin mahaifina a gaban Nasara? In ce mutumin da ya sa ni a jirgi ya tsufa? Na kasa. Sai na ɓullo da dabara irin tamu: duk ranar da ya riƙe jirgi sai in bayyana, in ce ni ma ina sha’awar shan iska. Na bar taron aiki, na bar matata da baƙi, don dai in zauna a damarsa. Wata takwas ina haka.

Sau uku ina zuwa Guillotière da niyyar in yi masa magana. In sauka daga taram, jirgin ƙasan cikin gari, ina shirya kalmomi, in hau bene, in durƙusa. Ina wuni, ina gajiya, ina iyali, ina labarin gida, yaya ƙafar Hajiya. Kafin gaisuwa ta ƙare an kawo shayi, kafin shayi ya huce an kawo tuwo. Wa zai ci tuwon mutum sannan ya ce masa ya ajiye abin da ya fi so a duniya? In sauko ina zagin kaina a kan bene. Matata ta ce in aika wani dattijo ya faɗa masa. Na duba duk Lyon, dattijan da muka sani ƴan kasuwa ne da malaman jami’a, babu wanda ya san mene ne maƙunnin tanki, kuma in na bayyana musu na riga na tona asirin.

A zuwa na uku ne Hajiya da kanta ta ba ni labari, tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Sun yanke shawarar komawa Tawa bayan damina. Kafin su tafi ta yarda, sau ɗaya tak, za ta shiga gwangwanin, ya kai ta ta ga babban dutsen nan mai ƙanƙara da ake hangowa daga Lyon in gari ya yi haske.

Na ce, “To madalla, sai in zo in raka ku.”

Kawu ya ajiye kofinsa ya daidaita shi. “A’a. Wagga tahiya ni da ita ce. Shekara talatin nike jira.”

Ya riƙe jirgin ran wata Asabar da ƙarfe goma. Hanyar dutsen ba irin bin kogi ba ce. Awa biyu ce da wani abu, ƙasan duk kwari ne da duwatsu, in inji ya ɗauke ba gonar da za ka sauka. Kuma Hajiya ba ta san allurar mai ba balle ta juya wani abu. Na kwana biyar ina juya maganar. Ina da lambar shugabar malamai a wayata, na buɗe ta ya fi sau goma.

Abin da na yi a ƙarshe shi ne abin da har yau in na tuna nake jin zafi a fuskata. A kulob muna da jan kati da ake ratayawa a kan makullin jirgin da ya sami matsala. In ka ga jan kati ba ka taɓa makullin, ba tambaya. Ran Asabar na riga kowa zuwa, na ɗauki katin na rataya a kan makullin jirgin Kawu. Sauran jirage biyun na san an riga an riƙe su. Na ce a raina shi ke nan, ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya mutu, in sun koma Tawa magana ta ƙare. Har na ji ina yaba wa kaina wayo.

Suka iso da wuri. Hajiya ta sha shadda ruwan goro, ta ɗaura kallabi, da jakarta a hannu da tasbaha a ciki tana leƙowa. Kawu ya tsaya gaban allon makullai ya daɗe.

“Mi ya same shi?”

Na ce, “Inji ne ke ɗan tari, Kawu. Sai makaniki ya zo ran Talata.”

“Tari,” in ji shi. “Bon.”

Na manta da wa nake magana. Na shirya ƙaryar da za ta wuce a wajen likitan haƙori, na kawo ta gaban mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin injuna. Ya tafi rumfa a hankali, ina biye da shi kamar ɗan akuya. Ya buɗe murfin inji, ya duba mai, ya shafa wayoyi, ya sunkuya ya duba ƙasa ko akwai ɗigo. Sannan ya ɗauko kayen jirgin, littafin da kowane matuƙi ke rubuta yadda ya bar shi bayan ya sauka. Layi na ƙarshe na ran Alhamis ne. An rubuta babu wata matsala, kuma rubutuna ne da sa hannuna, don ni na tashi da shi ƙarshe.

Ya rufe kayen ya mayar inda yake. Bai dube ni ba. Ya ce, “Allah shi ba shi lahiya.” Ya je ya ce wa Hajiya jirgi ba ya da lafiya yau, su koma. Ta ce, “Ka gani ko? Gwangwani!” Amma na ga yadda ta gyara kallabinta, ranta bai so ba. Na ce in kai su a mota, ya ce bas na nan.

Mako biyu ban je Guillotière ba, shi ma bai kira ba. Asabar ta farkon wata ta zo, aka taru, mutum wajen ashirin. Kawu na zaune a baya da hularsa a gwiwa. Na buɗe akwati, takarda uku. Biyun farko ƙananan abubuwa ne. Ta ukun na gane ta tun kafin in warware, manyan haruffa ne a tsaye irin na makanikai, da baƙin alƙalamin bik. Na so in sa ta aljihu. Shugabar malamai na kallona, sai na karanta, da Faransanci kamar yadda aka rubuta.

Takardar ta ce wani matuƙi, a kan hanyar kogi, ya manta bai juya tanki ba fiye da awa guda. Matuƙi na biyu da ke damarsa ya gani, bai yi magana ba, ya juya a ɓoye. Na farkon ya ga hannunsa ta gefen ido, ya gane kuskurensa, shi ma ya yi shiru yana jira a faɗa masa, don ya ji tsoron faɗa wa kansa. Wata takwas ba wanda ya rubuta. Daga baya na biyun ya rataya jan kati a kan jirgi mai lafiya. In jan kati ya fara ƙarya, wata rana wani zai ga na gaskiya ya yi shakka. Matuƙi na farko ya daina tuƙi daga yau.

Ban san yadda na kai ƙarshe ba. Likitan haƙorin nan ya sunkuyar da kai, ya tausaya mini, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan da ya yi dariya. Na ce, “Na biyun ni ne.” Shugabar malamai ta ce ta sani, za mu yi magana a biro, wato ofishinta. Ta dakatar da ni wata guda, ta sa na sake tashi da ita sau uku. Na ƙarasa shekarar a shugabanci, ban sake tsayawa ba.

Bayan taron na same shi a bakin rumfa. Na durƙusa a kan siminti, a gaban Faransawa, ban damu ba. Na ce ya yafe mini, kunyarsa na ji.

“Na sani,” in ji shi. “Ni ma na ji tawa. Tsuhwa ba ta ba ni haushi ba, kowa na zuwa nan. Abin da ya ƙona mani rai, na ɗauka na koya ma abu guda a duniya. Tashi, siminti da sanyi.”

Na ce to ya bar ni in gyara ko kaɗan. In dakatarwata ta ƙare ni zan tuƙa, shi da Hajiya su zauna, in kai su dutsen. Ya juya hularsa a hannu.

“A’a, ɗana. Gidana gidanka ne, ka zo ka ci tuwo kullum. Amma ba ni shiga jirgi da mai jin kunyata.”

Hajiya ta ga dutsenta mako uku kafin su koma Tawa. Shugabar malamai ce ta tuƙa, shi ya roƙe ta da kansa. Ya ce wa Hajiya, a gabana, “Wagga ko uban wa ya yi ba daidai ba tana hwaɗi.” Ya zauna a dama, ita a baya da shaddarta ruwan goro. Ni na taimaka mata ta hau fiffike, na ɗaura mata bel. Wurin ya yi mata ƙunci, sai ta zaro tasbaharta ta miƙo mini jakar, ta ce in riƙe mata kada ta faɗo. Na sauko, na cire katakon tayoyi, na ja da baya. Kawu ya duba murfin gilashi sau biyu, bai dubi inda nake ba.

Akwai kujera guda babu kowa a kusa da Hajiya, ina ganinta ta gilashi har suka juya. Awa biyu da kwata suka yi a sama. Na yi su a tsaye a bakin rumfa, riƙe da jakar Hajiya.